Maganin Aro a Shafin Jarida

Ranar Talata ce, da ƙarfe goma da kwata na safe, cikin zangon karatu na biyu, ba a fi shekara biyu da fara aiki da Shari'a a jiharmu ba. Mu huɗu ne a ɗakin shan magani na wata makarantar kwana ta 'yan mata da ke bayan garin Daura: shugabar makarantar, da yayata wadda ita ce nas ɗin makarantar, da wani ɗan jarida da ya zo daga kudu rataye da kyamara, sai ni. Ina hutun shekara ne a gida daga gidan rediyon da nake aiki, shugabar ta aiko aka roƙe ni in zo in yi tafinta, ko baƙon zai so magana da masu dafa abinci ko maigadi, tunda ba ya jin Hausa.

Ɗakin ya yi kyau a ranar. An wanke simintin, an shimfiɗa wa gadaje uku fararen zannuwa, babu kowa a kansu. Kantar da ke jikin bango cike take daga sama har ƙasa: maganin zazzaɓi, maganin tari, allurai, ledojin ƙarin ruwa, auduga, bandeji. Yaya tana tsaye a gefe cikin farar riga da farin hijabin da ta goge tun jiya. Ko ƙwaya ɗaya a cikin kantar nan ba ta makarantar ba ce, kuma mutum uku daga cikin mu huɗun mun san haka.

Na san ɗakin a sauran ranaku, don nakan biya mata idan na zo gida. Abin da ke cikin kantar kullum bai wuce gwangwanin farasitamol ɗaya ba, da kwalbar shuɗin maganin nan da ake shafa wa ciwo, da gishiri da sukarin da take ɗebowa daga gidanta saboda masu gudawa. Shekararta shida a makarantar. Da akwai wani ma'aikacin lafiya namiji da ke taya ta, amma da maganar Shari'a ta yi ƙarfi sai aka ga bai dace ya zauna a cikin 'yan mata ba, aka ɗauke shi, ba a kawo mace a madadinsa ba. Duk farkon zango takan rubuta takardar neman magani zuwa hedikwatar ilimi ta jiha, duk zango a ce ana dubawa.

Tunda babu magani, yawancin aikinta ido ne. Takan tsaya a ƙofar ɗakin cin abinci ta ga wadda ta bar kwanonta. Ta san masu sikila ɗaya bayan ɗaya, ta san wadda numfashinta ke sarƙewa idan an share aji. Yarinyar da ta fara ganin al'ada ba ta san abin da ya same ta ba, wurinta ake kai ta. Idan ta ga wadda ciwonta ya fi ƙarfin ɗakin, sai ta bi direban makaranta da magiya har a kai ta asibiti cikin gari. Ta taɓa ce mini ranar da ta fi yin aiki ita ce ranar da ba a ga kowa kwance a ɗakinta ba.

Ana gobe ɗan jaridar zai zo, takarda ta iso daga hedikwata cewa baƙo zai duba yadda karatun 'yan mata ke tafiya a ƙarƙashin Shari'a, a karɓe shi da kyau. Mu kuwa mun san abin da ake nufi da karɓar baƙo da kyau. Gidan da zai yi baƙi yakan ari darduma da kwanukan tangaran a maƙwabta, baƙi su tafi a mayar, ba wanda ya taɓa kiran wannan ƙarya. Makarantu ma haka suke yi: a aro benci, a shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa. Shugabar makarantar, wadda kowa ke kira Hajiya, ta tura direba wurin wani mai kemis da ke kusa da kasuwa, wanda 'yarsa ta yi karatu a makarantar. Ya ba da aron kaya, ya haɗa da kwalayen da ba kome a cikinsu don a cike bayan kanta. 'Yan mata uku da ke kwance da zazzaɓi aka mayar da su ɗakin kwana na can ƙarshe, aka ce su ja ƙofa.

Yaya ba ta yi shiru tun farko ba. Ita ta ba ni labarin yadda suka yi da Hajiya bayan la'asar.

"Hajiya, in ya ga kantar nan a cike, wa zai ƙara yarda ba mu da magani?"

"Sista, so kike mu buɗe wa baƙo cikinmu? Mutumin nan fa tun daga kudu ya taso, nema yake ya ce Shari'a ta zo 'yan mata sun tagayyara. Mu miƙa masa abin faɗa da hannunmu? Yini ɗaya ne kacal. Gobe da yamma a mayar wa mai kaya kayansa."

"Da ma ya gani ya rubuta, ko a ji kunya a aiko mana."

"Su ji kunya su aiko miki, ko su ji haushi su aiko mini da takardar canji? Ke dai goge farar rigarki."

Ta goge. Da hannunta ta jera kayan, kowane iri da wurinsa, rubutun kwalaye yana fuskantar ƙofa. Daga baya ta gaya mini, tana ɗan jin nauyi, cewa ta ji daɗin jerin. Tun da ta bar makarantar koyon aikin jinya ba ta sake ganin kanta yadda aka koya musu ba sai a wannan yammacin.

Ɗan jaridar bai yi minti goma sha biyar a ɗakin ba. Mutumin kirki ne, mai fara'a. Ya tambayi Yaya ko hijabi na hana ta aiki, ta ce a'a. Ya tambaya ko iyaye suna yarda a yi wa 'ya'yansu allura, ta ce suna yarda. Ya ce a kawo masa ɗaliba ɗaya. Aka kira wata lafiyayya mai kumatu daga aji shida, aka zaunar da ita a bakin gado, aka sa mata ma'aunin zafi a baki. Ya roƙi Yaya ta riƙe kwalba ɗaya ta yi murmushi, ya ja da baya har kantar ta shiga hoton gaba ɗaya. Yana mayar da kyamarar cikin jaka ya tambaya ko akwai wata matsala da suke fuskanta. Hajiya ce ta amsa, ta ce sai godiya. Na dubi Yaya, ita kuma tana duban ƙasa. Ban yi tafintar ko kalma ɗaya ba a ɗakin, don duk da Turanci aka yi maganar. Na san magana ɗaya ta isa ta sauya abin da zai rubuta, amma ni ma ɗan garin ne, kuma a gaban baƙo nake. Da la'asar direba ya loda kwalayen a motar makaranta ya mayar wa mai kemis, aka dawo da 'yan matan nan uku gadajensu.

Bayan mako uku labarin ya fito. A lokacin jarida ba ta isowa Daura sai wajen azahar, a motar haya, 'yan kwafi kaɗan a tasha. Masu saye ba su da yawa. Akasarin mutane a rediyo suke jin abin da jaridu suka ƙunsa, a shirin sharhin jaridu na safe, wanda nake cikin masu fassarawa da karantawa. Hoton ya ci kusan rabin shafi. A ƙasansa an rubuta cewa makarantar tana da ɗakin shan magani wanda ba abin da ya rasa. Layi biyu aka yi a kan nas: tana ba da ƙwayoyi, tana ɗaure ƙananan raunuka, kuma gadajenta babu kowa saboda 'yan matan suna cikin ƙoshin lafiya. Hajiya ta sa aka yi wa shafin gilashi ta rataye a ofis. Mahaifiyarmu, Inna, ta sa aka sayo mata kwafi tana nuna wa matan unguwa. Yaya ta duba ta yi dariya.

"Auta, ka ga yayarka ta koma 'yar tallan magani. Ji yadda na riƙe kwalbar nan kamar zan ce a sha a warke."

Ban yi mamakin rubutun ba. Na yi shekara da shekaru ina buɗe jaridu kowace safiya, kuma na lura da inda nas ɗin makaranta take fitowa. Idan wani babba ya kai ziyara, ga ta nan a gefen hoto tana murmushi da kwalba a hannu. Sai kuma ranar da ɗalibai suka ci wani abu ya ɓata musu ciki, a tambaya ina take aka yi haka. Ban taɓa fassara labarin da ya faɗi abin da take yi daga safe zuwa yamma a ranar da ba baƙo kuma ba gawa ba.

Farkon zango na uku ta sake rubuta takardar neman magani. Wannan karon amsa ta zo da wuri. Takardarta ce aka dawo mata da ita, an maƙala mata hoton jaridar, an rubuta da jan biro cewa makarantar ta wadata, za a duba waɗanda suka fi ta buƙata. Ta shiga mota ta je hedikwata da kanta. Jami'in da ke kula da sito ya tare ta da raha.

"A'a, Sista ta jarida! Ke da kike da kemis guda, ai mu ya kamata mu zo ki sam mana."

Ta ce masa kayan sun ƙare. Ya ce cikin wata uku? Ba ta kawo maganar aron ba, don Hajiya ta riga ta roƙe ta kada ta tona. Ta dawo hannu wofi.

Damina ta sauka, sauro ya yi yawa, gadaje uku suka kasa, aka shimfiɗa tabarmi a ƙasa. Cikin masu kwanciyar akwai wata 'yar aji biyu daga wani ƙauye a yankin Dutsi. Ranar Alhamis zazzaɓi ya kama ta. Yaya ta ba ta farasitamol, tana goga mata ruwa a jiki, ta nemi motar makaranta aka ce tana wurin makanike. Safiyar Juma'a yarinyar ta fara jijjiga, ba ta gane mutane. Yaya ta goya ta a baya har bakin titi, maigadi yana gaba yana ɗaga wa motoci hannu. Sun daɗe kafin wata a-kori-kura mai ɗauke da buhuna ta tsaya. An karɓe ta a asibiti, amma ta cika ana kiran sallar Juma'a. Yaya ta ce da an yi mata allura an sa mata ruwa tun ranar Alhamis, da wataƙila ta tashi. Allurar da ruwan duk suna cikin hoton da ke rataye a ofishin Hajiya.

Mahaifin yarinyar manomi ne. Ya iso da la'asar, laka a ƙafafunsa, daga gona aka kira shi. Yaya ta durƙusa ta yi masa ta'aziyya, ta fara ba shi haƙuri. Ya tsayar da ita.

"Malama, an ce ke kika goyo ta. Allah ya saka miki. Kwananta ne ya ƙare."

Har yau ban ji ya kai ƙarar kowa ba.

Kwana goma bayan haka wata jarida dabam ta ɗauki labarin. Ba wanda ya zo makarantar, ba wanda ya nemi jin ta bakin Yaya. Sun samo hoton nan na farko suka sake bugawa, kanun kuma yana tambayar inda magungunan makarantar suka shiga. A ciki an ce wasu majiyoyi suna zargin nas ɗin da sayar da maganin gwamnati. An ce akwai waɗanda suka ga ana sauke kwalayen magani daga motar makarantar a wani kemis kusa da kasuwa. Wannan ɓangaren gaskiya ne. An gani, da la'asar, ido na ganin ido, aka mayar da kayan.

Ni ke da aikin sharhin jaridu a wannan safiyar. Na ɗauki shafin na shiga wurin editanmu.

"Yallaɓai, wannan labarin ba haka yake ba. Ina wurin aka ɗauki hoton nan. Kuma matar yayata ce."

Ya karanta a tsanake, ya cire tabarau.

"An faɗi sunanta?"

"A'a."

"An faɗi sunan makarantar?"

"An ce makarantar 'yan mata a masarautar Daura."

"To kai ɗan Daura, mene ne aikinmu a shirin nan? Mu ne muka ce? Jarida ta ce, mu ce jarida ta ce. In mun tsallake labarin da ke shafin farko, gobe a ce mun ɓoye don 'yar'uwar ma'aikacinmu ce. Ga shi abokin aikinka bai iso ba, saura minti takwas. In kana da gyara, rubuta musu."

Ƙa'idar da ya faɗa ita aka koya mana, ni ma na koya wa na bayana. Na fassara labarin cikin jimla biyar, na sa "jaridar ta ce" a huɗu daga ciki. Na karanta da muryar da nake karanta farashin hatsi.

Mai sauraro a teburin mai shayi ba ya riƙe "jaridar ta ce". Kafin azahar maganar da ke yawo a Daura ita ce an faɗa a rediyo, kuma ƙanenta ne ya faɗa da bakinsa. A waɗannan shekarun kalmar sata ta yi nauyi fiye da da. Ba wanda ya kai Yaya gaban alƙali, ba a ma yi maganar hakan a hukumance ba. Amma a wani gidan suna wata mata ta ce mata, cikin wasan da ba wasa ba, ta riƙa sa hannunta cikin hijabi tunda yanzu zamani ya sauya. Iyaye biyu sun zo makaranta sun ce kada ta ƙara ba 'ya'yansu ko ruwa. Ranar Laraba takardar dakatarwa ta iso, aka ce za a kafa kwamitin bincike.

Ranar Asabar na zo gida. Na same ta a tsakar gidan Inna tana tsintar shinkafa a faifai.

"Mai labarai ya iso," in ji ta. "Sannu da hanya. Muryarka ta fita tas, ba ko shessheƙa."

"Yaya, na ce jaridar ce ta ce. Sau huɗu na faɗa."

"Na ƙirga, Auta. Ni kaɗai na ƙirga."

Na zauna a bakin tabarma. Ta ci gaba da tsinta.

"Da wani ne ya karanta, da Inna ta ce ƙarya ce ta kashe rediyon. Da ta ji kai ne, sai ta kira ni ɗaki ta ce in gaya mata tsakanina da Allah."

"Kin gaya mata?"

"Na gaya mata. Ta ce to ai aro ba laifi ba ne, in je in faɗa musu aro ne. Inna tana tsammanin su ma haka za su ɗauka."

Mutum biyu ne za su iya wanke ta, mai kemis da Hajiya. Na fara da mai kemis. Na same shi bayan kantarsa yana auna wa wata tsohuwa maganin tari. Ya ba ni kujera, ya aika a kawo mini lemo.

"Ɗan rediyo! Yau kuma wa za a karanto mana?"

"Alhaji, magana ɗaya na zo nema. Ka gaya wa kwamiti kayan nan naka ne, aro ka bayar, an dawo maka da su."

Ya jira tsohuwar ta fita.

"Malam, wallahi yayarka ta fi ƙarfin abin da ake faɗa, kowa ya sani. Amma dubi hoton nan da kyau. Ka ga alluran can na sama da ledojin ruwan nan? Takardata ba ta ba ni izinin ajiye su ba. Ranar da na ce nawa ne, washegari a garƙame mini shago. In kuma na ce an kawo mini daga makaranta, na zama mai sayen kayan sata. Ni taimako na yi, don a rufa asiri. Yanzu so kake in tona nawa?"

"To me za ka ce in sun kira ka?"

"Ba na gari. Ina Kongolam can bakin iyaka wajen surukina, ba shi da lafiya. Sha lemonka."

Hajiya kuwa a ofis na same ta. Wurin da hoton yake a bango ya rage ƙusa kawai. Ta yi mini kyakkyawar tarba, ta tambayi Inna, ta ce Sista 'yarta ce, ita kanta ba ta iya cin abinci tun da abin ya faru. Na yarda da ita, don ta rame. Da na kawo maganar shaida sai ta rage murya.

"Malam, shekara biyu ta rage mini in yi ritaya. In na ce ni na sa aka jera kayan aro a gaban baƙon gwamnati, ka san abin da zai biyo baya. Kuma ko na faɗa, kana jin zai cece ta? Mu biyu za a haɗa. Ka bari a bi a hankali, zan yi magana da mutane ta bayan fage."

Kwamitin mutum uku ne, suka zauna a ɗakin karatu na makarantar ranar wata Litinin da hantsi. Na nemi izini a wurin aiki na zo, amma ba a bar ni na shiga ba, a baranda na jira. Ba su kai awa ɗaya ba. Da ta fito muka taka zuwa bakin titi, a hanya ta ba ni labari.

Ta faɗa musu kome: takardar da ta zo, aron da aka yi, kwalayen da ba kome a ciki, 'yan matan da aka ɓoye. Ta ajiye musu kwafin takardun neman maganin da ta rubuta shekara shida. Shugaban kwamitin ya buɗe wani fayil ya nuna mata rahoton shekara na hedikwata. An riga an rubuta a ciki cewa an wadata makarantar da magani, an manna hoton a matsayin shaida, manya sun sa hannu. Ba wanda ke wannan teburin da zai ce rahoton ƙarya ne. Hajiya ta shiga kafin ita, ta ce ita harkar ɗakin shan magani ba ta sa baki a ciki, Sista ce mai makulli. An aika wa mai kemis, aka ce ya yi tafiya.

"Sai shugaban ya ce mini, 'Sista, mu sauƙaƙa wa juna. In maganin na gwamnati ne, ina yake? In kuma ba na gwamnati ba ne, ke da bakinki kin ce kin jera shi don a yaudari jama'a. Wanne za mu rubuta?'"

"Me kika ce?"

"Na ce su rubuta cewa yarinyar ta rasu ne don babu allura a makarantar. Ya ce ba wannan aka turo su bincike ba."

Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni ko na ci abinci.

Na rubuta wa jaridun biyu. Na tsara abin da ya faru daki-daki, na sa sunana da aikina, na ce ni shaida ne. Ta farko ba ta amsa ba. Na sami ɗan jaridar da ya ɗauki hoton, muka yi magana ta waya, ya tuna ɗakin, ya ce yana cikin mafi tsabta da ya gani a tafiyarsa. Ya yi juyayin rasuwar yarinyar. Ya ce shi abin da ya gani ya ɗauka, ya kuma tambaya ko akwai matsala aka ce masa babu. Ya ce yanzu an mayar da shi sashen labaran kasuwanci. Jarida ta biyu ta buga wasiƙata bayan mako biyar a shafin masu karatu, an rage ta zuwa layi huɗu, an cire duk maganar aro, an sa mata kanun da ke nuna ɗan'uwa ne ke kare 'yar'uwarsa. Shirinmu na sharhin jaridu ba ya karanta shafin wasiƙu.

Kwamitin bai rubuta cewa ta saci magani ba. Ya rubuta cewa ta kasa yin gamsasshen bayani a kan kayan da ke hannunta, ya ba da shawarar kada a sake ba ta riƙon magani. An ɗage dakatarwar bayan wata huɗu, aka mayar da ita wani ƙaramin asibiti a yankin Mai'adua, teburin ba da kati. Ta yi shekara uku tana zuwa tana dawowa a motar haya, sannan ta ajiye aikin. Har na bar gidan rediyon ba a tura wata nas makarantar ba.